Fim ɗin da ya buɗe bakin Inna

Wata rana, bayan la'asar, wani bawan Allah mai suna Dalhatu ya dawo daga shagonsa na kayan gini a gajiye liƙis.

Gajiyar kasuwa mai sauƙi ce. Wadda ke cin ransa tana gida.

Tun da ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ta yi shiru. Abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. Likita ya ce lafiyarta ƙalau. Ya sayo katifa, ya sayo fanka, amma Inna sai ramewa take yi. Tsoronsa kada ta rasu a hannunsa bai san damuwarta ba.

Ya zube a kujera. Matarsa ta bar wani fim a talabijin, shi kuwa ko ƙarfin miƙewa ya kashe ba shi da shi.

Labarin wani ƙauye ne da ruwan damina ya cinye gadarsa. Ba shiga, ba fita. Mai kwale-kwalen garin ya ɓace, kowa yana zargin kowa.

A wajen Dalhatu dai, irin wannan kallo aikin marasa abin yi ne.

Can sai ya ji muryar Inna daga kan tabarma.

"Maƙwabcin nan na cikin fim ɗin, mai jar hula, shi ne mai laifin."

"Inna, yaya kika sani? Ko magana bai yi ba."

"Ya wuce ƙofar uwar wanda ya ɓace bai tsuguna ya gaishe ta ba. A ƙaramin gari, mutum ba ya daina gaisuwa sai da dalili." Ta gyara mayafinta. "Ni ma kullum tunani nake, me na yi maka? Daga bakin ƙofa kake tambaya ko na ci abinci, ka wuce."

Mai jar hular ne kuwa, amma Dalhatu bai ga ƙarshen fim ba.

Yana tsugune gaban tabarma, magidanci da furfura a gemu, yana cewa ina wuni.

Ta amsa. Ta tambaye shi kasuwa, ta tambaye shi gajiya, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

Darasi: Fim mai kyau yana koya maka lura da ƙaramin abin da ka daina gani a gidanka. Kuma iyaye ba ciyarwa kaɗai suke jira ba, ka zauna ka gaishe su.

Tura wa wanda ka san hidima ta sha masa kai.