Motocin da Abba Ya Ce Nawa Ne

Wata Juma'a ce cikin watan Yuli, ina ɗan shekara tara, Baffa Habu ya tsaya gaban kabad ɗin gilashi a falonmu na unguwar Al Nahda a Dubai, har da harɗe hannu a baya. Yayan Abbanmu ne, daga Kano yake zuwa sarin atamfa a Bur Dubai, a wurinmu kuma yake sauka. Saboda zafin ranar ko tsakar gidan bene ba ya takuwa, na gaji da buga ƙwallon safa a lungun ɗakuna, na zo na raɓe ina kallonsa.

Cikin kabad ɗin motocin Abba ne guda goma sha ɗaya, na ƙarfe, kowacce ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, kwaikwayon motocin attajiran Amurka na kafin yaƙin duniya na biyu. Dogon hanci gare su, da tayar safaya a gefe, da matakala a ƙasan ƙofa, ƙofofin ma buɗewa suke. Abba ma'ajin kaya ne a wani sito da ke Dubai Investments Park. Daga sallar asuba yake bin bas ɗin ma'aikata, ya dawo bayan magariba ko magana ba ya iya yi. Ranar hutu kaɗai nake ganin fuskarsa ta saki, in ya zauna yana share su da ɗan buroshi mai laushi. Ni aikina riƙe tsumma. Ko sau ɗaya bai bari na taɓa ba, "Da ido ake kallo," abin da yake ce min ke nan. Wallahi haushin motocin nan nake ji, gani nake ya fi son su da ni.

Baffa ya juyo ya ce, "Kabiru, da furfurarka kake tara kayan wasan yara?" Na ga kunya ta rufe Abba, ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a Yaya, na yaron nan ne." Sai Baffa ya dafa kaina ya ce, "To Sadiƙu, 'yan'uwanka na gida ba su da ko ɗaya. Ka ba ni in kai musu tsaraba?"

Na san ba nawa ba ne. Na kuma ga idon Abba a kaina, yana jiran in fashe da kuka irin na yara in cece shi, don shi ƙane ne, ba zai iya hana yayansa ba, ga shi ya riga ya faɗa da bakinsa. Ni kuwa mugunta ta taso min, na ce, "Kwashe duka, Baffa." Ya yi ta sa min albarka. Abba da kansa ya ɗauko makulli, ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya cikin tsofaffin singileti, aka cusa tsakanin bandiran atamfa. Bai dake ni ba, bai ma yi min faɗa ba. Da dai ya dake ni.

Da muka je Kano hutu, muka tarar da ɗaya daga cikin motocin, mai ruwan ƙasa, an ɗaura mata zare a wuya ana ja cikin kwata, babu ƙofa, taya biyu ta rage. Abba ya tsallake ta ya shige gaida mutanen gida.

Yanzu ni ke aiki a Dubai, shi ya koma Kano, ciwon suga ya cinye masa ido. Bara na nemo irin mai ruwan ƙasar nan na kai masa, na sa masa a hannu. Ya shafa ta tun daga hanci har baya, ya buɗe ƙofar da farce, ya rufe. Sai ya miƙo min ya ce in ba wa jikokinsa, shi ya daina tun tuni. Har na dawo ban iya ce masa da gangan na yi ba, kuma ina jin ya sani.