Gurguwar da Ɗan Sarkin Aljanu Ya So

A Roni ba a tatsuniya da rana, amma gwaggota takan karya dokar idan ƙafata mai shan inna ta tashi da ciwo. Shekarar da naira ta fito, muna ɓarar gyaɗa, ta ba ni labarin gurguwar da ɗan sarkin aljanu ya kamu da sonta. Na saba da irinsu, sai an warkar da yarinya kafin biki.

Na ce, "Gwaggo, yaushe zai miƙar mata da ƙafar?"

Ta ce, "Bai miƙar ba. Sauri ya rage, suka jera."

Don murna har ƙwaryar gyaɗar na kifar. Na yini ina buga sandata da ƙarfi a tsakar gida, ko wani aljani zai ji.