Ɗaurin da Yaya ya yi wa ƙyallen jirgi

Har yau idan na tuna da ƙyallen jirgin nan, abinci fita kaina yake yi. Ba Balaraben da ya ba ni aikin nake jin haushi ba. Haushin yayana nake ji, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya.

A lokacin ɗinkin tamfol nake yi a unguwar Gurda, a wani ɗan shago da ke jikin gidan wani Balaraben Sabha. Shi ya ba ni wurin, ya jawo mini wuta daga gidansa. Wanda bai zauna Libiya babu takarda ba, ba zai san darajar shagon nan ba. Idan 'yan sintiri suka biyo layin, mai gidan zai leƙo ya ce, “Yarona ne,” su wuce. Kafin shagon kuwa, a bakin titin Jadid nake tsayuwa da shebur, mota ta tsaya mu ruga kamar kaji an watsa tsaba.

Mai gidan yana da wani abin wasa irin na masu hali. Jirgin ruwa, a Sabha! Kwalekwale ne guda biyu sirara, an haɗa su da ƙarfe, an kafa doguwar sanda a tsakiya, sai ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Yakan ja shi a bayan mota zuwa wani tafkin gishiri da ke cikin rairayi wajen Ubari, ya hau da 'ya'yansa.

Wata rana ya kawo mini ƙyallen ya ce in gyara. Dogayen aljihuna ne a jikinsa a gicciye, kowanne da sandar roba mai faɗi da ake zurawa a ciki, su ne haƙarƙarinsa. Bakunan aljihunan ne suka ɓarke. Ya tsuguna ya nuna mini da hannunsa: ka tura sanda har ta zauna a ƙarshen aljihu, ka zura igiya ta hudarta, ka bi ta zoben ƙyallen, ka ja a hankali har tamojin ƙyallen ya baje, ya ɗan yi ciki. Daga nan ka tsaya, ka ƙulle. “Shwayya shwayya,” in ji shi, wato kaɗan-kaɗan. Ya ce a Sabha ba a sayar da sandunan nan, daga Tarabulus aka kawo masa.

Na yi aikin da zuciya ɗaya. Ranar Juma'a da hantsi na shimfiɗa ƙyallen a inuwar katanga, na zura sanduna, na ɗaure yadda aka koya mini. Bayan masallaci mai gidan da yaransa za su tafi tafkin. Sai ga Yaya.

Sana'ar Yaya ɗaurin kaya ce a manyan motocin da ke zuwa Agadas, kuma ba na hana shi, ya iya. Kayan da ya ɗaure sai dai motar ta kife da su. Amma a wurinsa duk igiyar da aka taɓa ta motsa, zagi ce. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa ɗaurina, ya yi tsaki.

“Kai, wannan ne ɗauri? Da haka kake cin abinci a garin nan?”

Na ce, “Yaya, don Allah kada ka taɓa. Haka mai shi ya ce a yi.”

“Mai shi ya taɓa ɗaure kaya?”

Na ƙyale shi na tafi sayo masa shayi da burodi, tunda baƙona ne. Da na dawo na tarar ya cire takalmi, ya tokare bakin sanda da ƙafa, ya naɗe igiya a jikin sukundireba yana ja yana nishi, sai ka ce buhunan dabino yake ɗaurewa. Sanduna biyu sun karye a cikin aljihu. Ta uku ta huda ɗaya ƙarshen, ta yaga ƙyallen ya kai kamu biyu. Ya share gumi ya ce, “Kayan banza ne. Gara da suka karye a nan.”

Wallahi na ji kamar in watsa masa shayin.

Bayan sallah mai gidan ya fito, yaransa na biye da shi da hulunan rana da jarkokin ruwa. Ya tsaya a kan ƙyallen ya daɗe yana kallo. Ƙaramar 'yarsa ta fara kuka. Ya dube ni ya ce, “Ban nuna maka ba? Wa ya yi wannan?”

Yaya yana tsaye kusa da ni. A wurinmu ƙane ba ya nuna wansa da yatsa a gaban baƙo, balle wan da ya riƙo hannunka ya ƙetaro da kai hamada. Na tsaya ina jira ya buɗe baki. Magana ɗaya ce, ya ce ni ne, kuma yana jin Larabci fiye da ni. Mutumin nan da muryarsa ke cika tasha ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa.

Balaraben bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi in kwashe keken ɗinkina, yana buƙatar shagonsa gobe. Na kai keken ɗakinmu a Jadid na tura shi ƙarƙashin gado, don babu mai ba wa baƙo marar takarda wuri ba tare da an tsaya masa ba. Na koma bakin titi.

Na yi ta sauraron ranar da Yaya zai ce in yi haƙuri. Maimakon haka, wani yammaci Inna ta kira daga gida. Bayan gaisuwa ta ce, “Yayanka ya gaya mini an kore ka saboda sakaci da aikin mutane. Sai da ya sa hannu ya gyara maka, amma abin ya riga ya ɓaci. Ka riƙa jin maganarsa, ka ji? Shi ne ubanka a can.”

Yana zaune a gabana yana fifita shayinsa. Na dube shi, bai ɗago ba.

Na ce, “To, Inna.”