Ƙwan Tanko a Gaban Liman

Bayan sallar asuba na bar Kano a motar gyaɗa. Saƙo ne ya iso mini cewa za a kori Tanko, abokina na soja, daga Doguwa. Wai ya zaro ƙwai daga kunnen wani Bafulatani a kasuwa, kwana biyu saniyar mutumin ta mutu.

Bebeji

Ruwa ya sauka, mai gadin hanya ya sa shinge sai ƙasa ta sha iska. Da ya ji dalilin tafiyata, direba ya ce, "Baba, maye za ka ceto?"

Na ce, "Ɗan dabo dai. A ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya, wani sajan Bature ya koya masa." Na ba shi labarin abin da na gani a Landan bayan yaƙi: mutum da baƙar kwat ya zaro zomo daga malafa, ya yanka mace da zarto a akwati, ta fito tana murmushi, ana tafi.

"Ba su jefe shi ba?"

"Kakanninsu sun zargi irinsa da maita, lokacin da suke wasan ƙoƙuna a kasuwanni. Daga baya 'yan dabon suka sa kayan attajirai, suka shiga manyan zauruka da madubai, suka ce wa kowa wannan wayo ne kawai."

Kiru da Tudun Wada

Na kwana a Kiru, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka. A Kafin Maiyaki na ga mai wasa da wuƙa yana rantsuwa maganin kakansa ne. A Indiya ma haka suke cewa. Na yi ta mamaki: namu yana ɓoye wayo da sunan asiri, na Ingila yana ɓoye shi da alkawarin riƙe sirri. Daga Tudun Wada sai aron keke.

Doguwa

Na tarar an taru a ƙofar dagaci. Na faɗi abin da na sani. Dagaci ya ce, "To, ya nuna mana yadda yake yi."

Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi wa sajan alkawari. 'Yan dabonsu ba sa tonawa."

Na ce, "Kai, tsohon banza, gidanka fa za ka rasa!"

Liman ya ce, "Nuna wa mutum ɗaya mai riƙon amana ba tonawa ba ne." Suka shiga zaure su biyu. Can sai muka ji dariya. Liman ya fito da gwaiduwa a hannun riga.

Bafulatanin ya ce, "Allah gafarta malam, me ka gani?"

"Babu aljani, Jauro, saniyarka kwananta ne ya ƙare. Saura kuwa ni ma na yi alkawari."

Dagaci ya bar Tanko a gidansa. Na iso gida lafiya, alhamdu lillahi, ina gode wa masu masaukina. Har yau Tanko bai gaya mini inda ƙwan yake ɓuya ba.