Ranar da hadari ya haɗa ekif uku

Cikin duk shekarun aikina, ranar da ba ta fita raina ita ce wata Laraba a ƙarshen kakar auduga. Lokacin ƙasar nan tana amsa sunan Dahomey, ni kuma ina shef, wato shugaban ekif ko rukunin ma'aikatan safe, a izini, wato masana'antar gurzar auduga, a Parakou.

Bayan tafiyar Turawa aka ba mu darakta ɗan ƙasa. Shi ya raba mu ekif uku, safe da yamma da dare, don kada inji ya tsaya. Ya kuma kawo firim, wato ƙarin da ake ɗorawa kan albashi, amma ekif ɗin da ta fi gurza kaɗai ke samu. Aiki ya yi sauri, zumunci kuwa ya lalace. Ni da Malam Garba, shef na yamma, maƙwabta ne a Zongo, amma sai da gaisuwa ta yi mana wuya.

A ranar, kamyoyi, manyan motocin da ke kawo auduga daga garin Djougou, sun yi ta sauke kaya har mangaza, ɗakin ajiyarmu, ta cika, aka tula sauran a fili. Mun tashi aiki, ina gida bayan azahar, sai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Auduga in ta jiƙe ta lalace, ga shi gumin manoma ne na shekara guda.

Na haye keke. A hanya na riski mutanena suna gudu, 'yan dare ma sun katse barci sun taso daga unguwar Guéma, ba wanda ya kira su. Garba ya tare mu a ƙofa.

"Malam Sani, ai lokacinku ya wuce."

Na ce, "Ina tampol yake?"

Ya yi dariya, ya nuna mini. Wasu na ja, wasu na danne gefe da duwatsu, iska na fizga, muna ihu muna waƙa. Darakta da kansa ya tuɓe kwat ya kama igiya. Muna ɗaure tulin ƙarshe ruwa ya kece. Muka tsaya cikinsa sharkaf, muna rungumar juna.

Washegari darakta ya tara mu ya ce daga wannan wata firim na kowa ne, gwargwadon abin da izini duka ya gurza. Tafi ya hana shi ƙarasa magana.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku sani: wanda kake miƙa wa inji in lokacinka ya cika, abokin aikinka ne. Ka bar masa shi a share.