Jinin Yayata a Kwalba

Ciwon yayata na da wata irin dabara da ta sa nake tsoronsa har yau: ya zo, ya tafi, kamar baƙon da ya san hanyar gida. Ƙafafunta su mutu mata, sai an riƙe ta zuwa bayan gida, bayan ɗan lokaci kuma ta miƙe sarai. Likita a Kano ya ce garkuwar jikinta ce ta juya tana cin rufin jijiyoyinta, ba a warkewa, sai dai a kwantar da garkuwar da magani. Ni na raka ta, da kunnena na ji.

Da ciwon ya sake kayar da ita, kawunmu ya zo Gwaram da labarin wani mutum a Birnin Kudu mai injin wanke jini da iskar ozon. Kawu bai taɓa jin labarin magani ya bar shi ya kwana ba. Inna ta ce in kai ta.

Ɗaki ne a bayan shago, janareto na ta ƙugi. Mutumin ya zuƙi jininta a kwalba, ya hura masa iskar. Wani wari mai yaji ya cika ɗakin har na yi tari. Jinin ya yi ja zur a gabana.

"Kin gani? Garkuwarta ta farka," in ji shi.

Na ce, "Malam, ai likita cewa ya yi garkuwar ce ke cin ta."

"To, injin yana kwantar da ita ma," ya ce, ko kallona bai yi ba. Ya ƙara da cewa ta ajiye ƙwayoyin asibiti, ba a haɗawa.

Na zauna ina kallon jinin yana bin wata roba yana komawa hannunta. Na so in fizge robar, na kasa.

Bayan 'yan kwanaki ta miƙe, kamar yadda ta saba miƙewa. Amma wannan karon gida ya ce aikin injin ne. Inna ta sa ranar sadakar waina don godiya ga Allah. A gidanmu kuwa in an yi sadakar samun lafiya, magana ta ƙare. Wanda ya sake ambaton ciwo, shi ne mai mugun baki, mai butulci. Na gwada cewa a koma kan ƙwayoyin kafin ranar. Inna ta ce, "Ke dai ba kya son a ce an warke."

Ranar sadakar yayata ta ce ita za ta yi suyar da kanta, mata su gani. Ina zuba mata ƙullu, tana juyawa, ana ta shigowa barka. Sai na ji ƙaurin da ba na waina ba. Gefen hannunta na kwance a bakin tanda, fatar ta tashi, ita kuwa tana ta dariya da maƙwabciya.

Na janye hannun. Ta duba, dariyar ta ɗauke.

"Yaya, ba ki ji ba?"

Ta ja mayafi ta rufe shi, ta leƙa inda Inna ke rabo.

"Yi shiru," ta ce. "Zuba ƙullun, ana kallonmu."