Maganin Ƙarin Basira

A Nguru muke zaune, amma maganin 'yar yayana a Gashuwa muke karɓowa. Asibitin garinmu ma yana bayarwa, sai dai idon sani ya yi yawa. In maƙwabta sun tambaya, kifi muka je saye. Mutumin Nguru wai ya rasa kifi sai a Gashuwa. Ba wanda ya taɓa yi mana dariya, wataƙila don a hanya mukan yi kiciɓis da mutanen Gashuwa, su ma sun nufo Nguru sayen nasu kifin.

Iyayen yarinyar sun rasu sun bar ta da cutar ƙanjamau, mahaifiyata kuwa ta rantse ba za a ambaci wannan suna a gidanta ba. Ta juye ƙwayoyin a gwangwanin alawa, ta ce wa jikarta maganin ƙarin basira ne, ɗaya kullum.

Tana shekara goma sha uku ta zo ta ɗaya a aji, daga nan tsiya ta fara. Maƙwabciyarmu ta shigo roƙon ƙwaya biyu, ɗanta zai zauna jarrabawa. Hanawa rowa ce, bayani kuma tonon asiri, sai tsohuwa ta bayar, tana cewa ai kayan gwamnati ba ya ƙarewa. Kafin a gama jarrabawa rabin unguwa ya ƙaru da basira.

Ban sani ba sai ranar da na girgiza gwangwanin na ji shiru, ga ranar komawa Gashuwa da sauran nisa. An sha gaya mana tsallake kwana shi ke ba cutar ƙarfi. Na zauna a bakin gado, ga tsoro ga haushin uwata.

Yarinyar ta shigo ta dube ni, ta zura hannu cikin matashinta ta ciro ƙullin leda. Ƙwayoyinta ne.

"Gwaggo, tun da na zo ta ɗaya na san za a zo roƙo. Bitamin na sayo a kemis na zuba wa Kaka. Nawa ban taɓa fashin sha ba."

"Kin san ko maganin mene ne?"

"Ina aji huɗu na karanta a bangon asibiti." Ta mayar da ƙullin inda yake. "Don Allah kada ki gaya wa Kaka na sani. Ba za ta iya ɗauka ba."